Layin Ciyawar da Ba Na Askewa

Talatar da ta wuce na ji ku sarai, ku samarin da ke zama a bencin mai gyaran waya, daura da ƙofar baya ta gidan Dokta Bello, inda kuke hango filin ciyawa. Kun ɗauka kunnen tsoho ya tafi hutu. Ɗayanku ya ce Baba Sahabi na fama da keken da ya girmi ubansa. Wani ya ce aikin da inji zai gama kafin shayi ya huce, shi nake cinye hantsi a kansa. Na ukun, mai kaifin ido, ya ce duk da wannan wahala ma ban iya ba, tunda kullum sai na manta layi guda a gindin katanga ban aske ba. Kuka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don mai aiki ba ya biye wa mai zaman benci. Amma yau Juma'a ce, na dawo daga masallaci, ga biro ga takarda, to bari in ba ku amsa.

Na shiga aikin lambu ina saurayi, a rukunin gidajen ma'aikatan noman rani, zamanin da ruwan dam ya sa tsakanin Maradun da Bakura kore shar ko da bazara. Maigidana Baba Nomau ne, Allah ya jiƙansa, gajeren mutum mai faɗan tsiya, wanda in ya yaba maka to "ba laihi" ce iyaka. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa keken yankan ciyawa ba. Aikina tsugunno ne: in tsince tsakuwa da ƙusa, in tone aya-aya har 'ya'yanta na ƙasa, in cire tsidau da ƙarangiya tun ba su yi ƙaya ba, in yi ban ruwa da sassafe. Da na gaji na yi ƙorafi, sai ya ce, "Wanzamin da bai san kai ba, mi zai aske? Tsaya ka san ƙasa tukuna."

Ranar da ya miƙo mini hannun keken, taku goma kawai na yi na ji ƙwas. Wata 'yar ƙusa ce ta tsere wa idona, ta shiga tsakanin wuƙaƙe ta yi wa ɗaya giɓi. Bai doke ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi sauƙi. Zaunar da ni ya yi a gindin dalbejiya kwana uku ina goge giɓin nan da dutsen washi, shi kuma yana gefe yana cin goro yana kallona. Tun daga ranar ban sake tura keke a filin da ban fara taka shi ba takalmi ba.

Tunda ba ku san abin da kuke wa dariya ba, ga yadda yake. Mu keken aski muke ce masa. Ba shi da inji, ba ya shan mai, ƙarfin kafaɗarka ne abincinsa. A gabansa akwai ganga ta wuƙaƙe a murɗe. In ka tura sai gangar ta juya, kowace wuƙa ta zo ta gogi wata miƙaƙƙiya da ke kwance a ƙasa, su datse ciyawar a tsakaninsu yadda almakashi ke yi. Injin fetur kuwa wuƙa ɗaya ce ke juyawa a guje, dukan ciyawa take yi tana yage mata kai. Shi ya sa bayan kwana biyu za ka ga saman filin ya yi fari-fari. In lallausar ciyawa kake so, gajera, wadda ƙafa za ta taka ta ji sanyi ba tsini, to almakashi ne maganinta.

Ba zan ɓoye muku ba, da injin fetur ya shigo ni ma na bi yayi. Rukunin gidajen nan ya lalace, Baba Nomau ya rasu, kekunan suka ɓace ba wanda ya tambayi inda suka yi. Na riƙa bin gidajen masu hali a Mafara da inji, ina jan igiya ina hura hanci, yara na biye da ni. Na ga masu gida iri-iri. Akwai wani ɗan kasuwa da na yi wata huɗu ina raya masa fili, layya na matsowa ya ɗaure raguna bakwai a tsakiya, sannan ya aika a kira ni wai in faɗa masa wace cuta ce ta kama ciyawar. Na ce masa cutar na da ƙaho.

Dokta Bello daban ne. Likitan dabbobi ne, Bafulatanin da boko ya kawo gari, kuma ya san ciyawa rai gare ta. Filin da ke bayan gidansa taku ashirin ne a tsaye, sha biyu a kwance. Kiri-kiri ce a kai, ni na ciro ta daga bakin magudanar ruwa a Bakura, na dasa ta jijiya-jijiya da hannuna. Shi ya sayi injin da nake yanka ta da shi, kuma ni na ba shi shawarar sayen. Ku riƙe wannan, don laifin da ke tafe nawa ne.

Sai shekarar nan ta zo, wadda ba sai na tuna muku ba, lokacin da mutanen ƙauyuka suka fara shigowa gari da ƙunshin kaya a ka. Aiki ya mutu. Wa ke ta ciyawar ado alhali mutane na kwana a barandar makaranta? Masu gidajen da nake wa aiki rabi sun koma Gusau da Sakkwato. Na tafi Bakura dashen shinkafa na yi mako uku, don baki ba ya jiran lokaci ya gyaru.

Wata Laraba da hantsi na dawo. Dokta ya fita aiki, uwargida tana makarantar da take koyarwa, maigadi kuma ya zaga. Ba wanda ya ce mini komai. Na ga ciyawa ta yi tsawo, na buɗe sito na jawo inji, na ajiye shi a ƙarƙashin tagar ɗakin baya, wanda na sani ba kowa a ciki. Salansarsa ta daɗe da fashewa, ina ta cewa zan kai gyara. A ja na uku ya tashi da ƙara kamar babur.

Sai na ji ihu. Ƙofar ɗakin ta buɗe, wata tsohuwa ta fito a guje ba ɗankwali, tana kiran sunayen mutane tana cewa su kore shanu. Ta nufi katanga ta kama za ta hau, ta zamo ta faɗi a kan gwiwa. Ni kuwa na tsaya sororo, sai da na ɗauki lokaci kafin hankalina ya ba ni in kashe injin. Da na matsa sai na same ta a duƙe, hannu biyu a ka, tana salati. Ko ɗaga ido ba ta yi ta dube ni ba.

Da aka kirawo Dokta, ya ɗaure mata gwiwa ya kwantar da ita, sannan ya fito ya same ni. Bai ɗaga murya ba.

"Malam Sahabi, Innata ta," in ji shi. "Rugarmu ta bayan Damaga. 'Yan bindiga sunka zaka bisa babura, da hantsi kamar haka. Sun kore shanu dut. Ƙanena na cikin waɗanda ba su tsira ba."

Ya ce tun da ya ɗauko ta ya sa ta a ɗakin baya don nesa da titi, ya daina ta da janareta, ya roƙi 'yan acaɓa su daina shigowa lungun. Ba ta cin abinci sai an yi da gaske, ba ta yarda ta zauna a kan siminti ba. Amma kwana huɗu da suka wuce ta fara zama a bakin ƙofa tana kallon filin. Ya nuna ciyawar da hannu ya ce, "Hakin ga naka shi ɗai ta yarda ta duba cikin garin ga."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da nake. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Washegari Inna ta ɗaure kayanta a zane. Ta ce in dai har cikin gida za su biyo ta, gara ta koma ta mutu inda ta san ƙasa. Akwai wani mai a-kori-kura ɗan yankinsu da ke kawo kaya kasuwa duk Talata, ta ce a faɗa masa ya biyo ya ɗauke ta. Kowa ya san ba abin da ya rage a rugar nan sai toka, kuma waɗanda suka ƙone ta ba su yi nisa ba. Dokta ya roƙe ta har da hawaye. Iyakar abin da ta yarda shi ne ta bari gwiwa ta yi sauƙi: ba wannan Talatar ba, ta sama. Ta rufe taga, ta rufe ƙofa.

Dokta ya ce in bar ciyawar kawai ta yi ta tsawo, ko in sa langalanga. Na ce damina ce, in aka bari maciji da sauro za su tare, kuma abin da ya jawo idonta zai zama daji. Langalanga kuma, ƙato ya tsaya a ƙarƙashin tagarta yana wurga doguwar wuƙa, ai gara injin. Na ce masa akwai abin da ke aski ba hayaniya, in za a same shi.

Ranar Asabar muka kama hanyar Gusau, muna tafe muna addu'a. Shago na huɗu muka sami keken aski, sabo fil, ja, a cikin kwali. Mai shago sai zuba yake yi, wai ko mace za ta tura shi da hannu ɗaya. Na ce a fito da shi a haɗa. Abin da Baba Nomau ya koya mini shi na bi, ɗaya bayan ɗaya. Da farko ka ƙirga wuƙaƙe. Wannan biyar gare shi, kuma biyar na doguwar ciyawa ce. A kan gajeriyar kiri-kiri tsallake zai riƙa yi, ya bar fili da tudu da kwari. Ana son bakwai zuwa sama. Sannan ka dubi abin da yake tafiya a kai. Wannan manyan tayoyi ne a gefe, ba shi da naɗin ƙarfe a baya, don haka in ka sauke shi ƙasa sosai zai riƙa ƙwaƙule duk inda ƙasa ta ɗan tasa. Na sauke shi iyakar saukarsa na auna, yatsa uku, ni kuwa yatsa ɗaya nake nema. Na ɗaga shi na ji ba nauyi, irin wanda zai riƙa tsalle a kan kiri-kiri maimakon ya zauna. Na yagi takarda na sa a bakin wuƙa, ya yanka a dama, a hagu ya tauna.

Daga ƙarshe na rufe ido na tura shi a kan dandamalin shagon. Baba Nomau kan ce keken kirki ba ya kuka, raɗa yake yi. Wannan kuwa ƙarau-ƙarau yake yi, ƙarfe na dukan ƙarfe. Na ce a mayar da shi kwali.

Ran Dokta ya ɓaci. "Malam Sahabi, kwanaki na tahiya hwa. Mu ɗauki wanga mana, ai ya hi babu."

Na ce, "Ranka shi daɗe, na tsorata ta sau guda. In na sake, ba mu da ta ukku."

Muka dawo Mafara hannu rabbana. Ni ma ban san inda zan nufa ba.

Ranar Talata na shiga kasuwa wajen 'yan gwangwan, na bi tulin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya ina ɗagawa. A ƙarƙashin wasu gadajen ƙarfe da gargaren kekuna na hango naɗi. Na jawo shi. Keken aski ne irin na da, wuƙa takwas, da naɗin ƙarfe mai nauyi a baya. Gara ta cinye hannun katakon, tsatsa ta kama gangar ko motsi ba ta yi. Ba zan ce shi ne wanda na koya a kai ba, ƙarya ba ta da amfani, amma uwarsu ɗaya. Na bi wuƙaƙen da yatsa, ba wadda ta lanƙwashe. Wuƙar ƙasa da sauran nama a jikinta. Na ɗiga kananzir a kan notuna biyu da ke matso da ita, na jira, na murɗa, duka suka amsa. Mai gwangwan ya ce, "Baba, mi za ka yi da wanga gawa?" Na ce ya dai taya ni ɗora shi a baro.

Kwana shida na yi a kansa a tsakar gidana. Na kwance shi gaba ɗaya na jiƙa a kananzir. Na samo boris biyu wajen makaniki, kafinta ya sassaƙa mini hannu da icen maɗaci. Washin shi ne aikin. Ba a sa wa irin wannan wuƙa magagari, sai dai ka shafa man da masu gyaran babur ke goge bawul da shi, ka riƙa juya gangar da baya da hannu, ita da wuƙar ƙasa su cinye juna har bakinsu ya zo daidai. Ka goge, ka matsa noti kaɗan, ka gwada takarda, ka sake. Na cinye rabin littafin jikata a gwaji. Da yamma kuma in tafi gidan Dokta in tsuguna da lauje ina rage tsawon ciyawar a hankali, don keken aski ba ya cin doguwa. Tagar Inna a rufe take duk kwanakin nan. Ranar Litinin takarda ta yanku tsaf tun daga wannan gefe har wancan, na tura shi na ji yana raɗa.

Talata ta zo. Dokta bai fita aiki ba, yana zaune a baranda ya yi tagumi. Na jira raɓa ta bushe, na cire takalmi na taka filin kaf, sannan na fara daga can nesa da ɗakinta. Shaf-shaf-shaf, ba abin da kake ji sai wannan, da ƙamshin ɗanyar ciyawa. A layi na uku na ji taga ta motsa. Ban waiga ba. A layi na biyar ƙofa ta buɗe.

Tana tsaye ta dafa ƙyaure, ƙunshin kayanta na bayanta a ƙasa. Ta ce, "Kai, mi ka kiwo nan?"

Daga baya ta faɗa wa ɗanta wai tana kwance ta ji kamar shanu na tsinkar ciyawa a bayan ɗaki, ta ce bari ta gani ko mafarki take yi.

Na saki keken na durƙusa. "Inna, an tashi lahiya? Ya ƙarhin jiki? Ya gwiwa? Ya baƙunta? Ya ƙarin haƙuri?"

Ta amsa ɗaya bayan ɗaya, tana ƙare mini kallo. Sannan ta ce, "Kai na mai babur?"

"Ni na, Inna. Ki yahe mani, ban san kina ciki ba."

Ta tako tana ɗingishi har bakin filin, ta zare takalmanta, ta ɗora ƙafa a inda na aske. Ta daɗe a tsaye tana motsa yatsun ƙafa. Ta zo wajen keken ta leƙa ƙarƙashinsa, ta sa hannu a akwatin da ke tare yankakkiyar ciyawa ta damƙo, ta kai hanci.

"Ina kaka kai wanga?"

"Juji, Inna."

Ta riƙe baki. "Juji? Haki kamar wanga? Kaɗo dai Kaɗo na!" Haka Fulani ke ce wa Bahaushe irina. Ta juya ta ɗaga murya, karo na farko da aka ji muryarta haka a gidan. "Bello! Wai kai likitan dabbobi, gidanka ko akuya babu, ana zubda haki juji? Tashi ka tahi kasuwa. Tunkiya uda nika so, mai ɗa, kuma ka duba haƙora kada su ba ka tsohuwa."

Dokta, mutumin da ya yi shekara ashirin yana duba haƙoran dabbobi, ya ce to, ya fita har yana tuntuɓe.

Na ci gaba da aiki, tana biye da ni tana gyara mini. Da na iso layin ƙarshe na gindin katanga sai ta ɗaga hannu. "Tsaya nan. Wanga bar shi. Dabba ba ta jin daɗin abin da anka yanko mata kullum, tana son ta tsinka da bakinta." Na dubi layin nan, kamu ɗaya a faɗi, tsaye cako-cako a gefen aikin da ya fi kowane kyau a rayuwata. Na ce a raina Baba Nomau ya yi haƙuri. Na juya keken.

Bayan la'asar mai a-kori-kura ya tsaya a bakin lungu ya aiko. Inna na zaune a kan ciyawa, ta miƙe ƙafa, ɗan tunkiya na kwance a jikinta. Ko tashi ba ta yi ba. Ta ce, "A ce mai shi tahi. Wa zan bar ma tunkiya? Waɗanga ba su san kiwo ba." Ƙunshin kayan ya yi fiye da wata a ɗaure a bayan ƙofa, ba wanda ya taɓa shi, har wata rana uwargida ta ga zanen a kan igiyar shanya.

Shekara huɗu ta yi tare da mu. Duk Talata sai na same ta ta riga ni fitowa, tana jira da ƙwarya ta kwashe abin da keke ya tara, tana yi mini tsiya wai Kaɗo ya makara. Ta rasu a kan gadonta, 'ya'ya da jikoki na kewaye da ita, Allah ya jiƙanta da rahama. Na yi kuka ranar, ba na jin kunyar faɗa. Tumakin da kuke jin kukansu a bayan gidan jikokin waccan udar ne. Injin fetur kuwa yana nan cikin sito, ban sake jan igiyarsa ba.

Duk wanda ke son koyo a cikinku ya zo Talata da hantsi, amma ya sani tsugunno zai fara, kuma ba takalmi. Kai kuma mai kaifin ido, ka gani daidai, akwai layin da ba na askewa. Ba mantuwa ba ce. Inna ce ta ce a bar shi, kuma har ta koma ga Allah ba ta ce a yanke ba.